Waya Ta Biyu a Ƙirjin Bahijja

"Abu ɗaya kawai nake roƙonki, Bahijja. Ki yi shiru da maganar nan har a ɗaura mana aure."

Bahijja ta ɗago kai ta dubi Nazeer kamar yau ta fara ganinsa. Bayan la'asar ne, suna zauren gidansu a unguwar Madabo, cikin Kano, shi a kan tabarma, ita a kan kujera 'yar tsugunno. Ruwan da ta kawo masa na nan a kofi, ko kurɓa bai yi ba.

"In yi shiru da me?"

"Kin sani ai. Maganar sabon aikin da za a yi miki."

"Faɗe shi da bakinka in ji."

Nazeer ya sunkuyar da kai. Ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a kasuwar Kurmi, bakinsa ba ya mutuwa a gaban kowane mai ciniki, amma yau harshensa ya yi nauyi.

"Kin san halin Gwaggo," ya ce a hankali. "Da ƙyar da roƙo ta yarda aka kawo gaisuwa. In ta ji za a sake tsaga ƙirjinki, wallahi shi ke nan. Ki bari a ɗaura, in kin shiga ɗakina ni da kaina zan kai ki Ikko."

Babu wanda bai san labarin Bahijja ba a Madabo. Tana 'yan mata a sakandare ta fara yanke jiki tana faɗuwa. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, har wani likita ya gano zuciyarta ce ke bugawa a hankali ƙwarai. Mahaifinta Malam Ɗantani, baduku ne a Kurmi, ya ɗauke ta zuwa wani babban asibiti a birnin Ikko, can kudu. Can aka saka mata wata 'yar na'ura mai batir a ƙarƙashin fata, ƙasa kaɗan da kafaɗar hagu, da siririyar waya da ta bi jijiya har cikin zuciya tana tashin bugun. Tun daga nan unguwa ta raɗa mata suna, Bahijja mai batir.

Ita kuwa ko a jikinta. Ta gama kwalejin horar da malamai, ta kama koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, tana tafe kanta a sama. In yarinya ta tambaye ta a aji, sai ta kama hannunta ta ɗora a wajen ta ce, "Taɓa ki ji. Ba abin tsoro ba ne."

Sai a 'yan watannin nan wani sabon abu ya zo. Tana tsaye gaban allo sai ta ji ƙirjinta na kaɗawa ba tsari, numfashi ya yi gajere, idanu su yi duhu-duhu, can kuma ya lafa. Da abin ya yawaita ta je wajen Dakta Uwani, likitar zuciya da ke duba ta tun dawowarsu daga Ikko.

Dakta Uwani ba ta iya kwana-kwana ba. Bayan ta gama gwaje-gwaje ta dunƙule hannunta ta ɗaga.

"Malama Bahijja, zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama ke fara matsawa ya tura jini, sannan na ƙasa ya karɓa ya harba shi jiki. Wayarki guda ɗaya ce, kuma can ƙasa aka kafa ta. Ɗakin ƙasa kaɗai ke bin umarninta. Na sama yana ta nasa bugun, ba wanda ke jiran wani. Sau da yawa sai ya matsa ya tarar ƙofa a rufe, jini ya koma masa. Shekara da shekaru ana haka, ya gaji, ya saki, ya fara karkarwa maimakon bugu. Abin da kike ji ke nan."

"In ya ci gaba fa?"

"In karkarwar ta zauna daram, jini na iya kwantawa a ciki ya yi guda. Gudan in ya tashi ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Naki bai zauna ba tukuna, zuwa yake ya tafi. Batirin ma ya kusa ƙarewa, dole a canza. To tun da za a buɗe, a ƙara miki waya ta biyu a ɗakin sama, sama da ƙasa su riƙa tafiya tare."

Ta sauke hannunta, sannan ta ƙara da cewa, "Kuma ba ko'ina nake so a kafa ta ba. An saba maƙala ta a wata 'yar kusurwa a gefen dama, don ta fi sauƙin kamawa. Amma daga can saƙon kan ɗan jima kafin ya isa ɗakin hagu. Akwai likitocin da suka fara kafa ta a bangon da ke tsakanin ɗakunan biyu, don su motsa lokaci guda, kuma suna ganin hakan na rage karkarwar. Ban yi miki alkawari ba. Haɗarin muke son ragewa, sauran na hannun Allah."

Bahijja ta sunkuyar da kai ta tambaya, "Haihuwa fa, Dakta?"

"Mata masu irin na'urarki suna haihuwa lafiya lau. Sai dai a riƙa lura da ke sosai."

Duk wannan ta kwashe ta faɗa wa Nazeer, ba ta rage komai ba. Ga amsar da ya zo mata da ita.

"Nazeer," ta ce, "tun ranar da ka fara sallama a ƙofar gidan nan, me na ɓoye maka?"

"Babu."

"Ranar farko na ce maka ni ce mai batir, in ba za ka iya ba ka koma. Ka yi dariya ka ce kai ma agogon hannunka da batir yake aiki. To yau kuma so kake in shiga gidanku da ƙarya?"

"Ba ƙarya ba ce, shiru ne kawai."

"Shiru ne a wajenka. Ni ce zan zauna da su. Ni za a riƙa nunawa da baki a gidan biki ana cewa ga wadda ta ɓoye ciwo ta shigo. Ka taɓa tunanin wannan?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Nazeer ya matso bakin tabarma, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Bahijja, tsoro nake ji. Gwaggo ce ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, ban taɓa ce mata a'a ba. In ta ce in zaɓa tsakaninki da ita, ina zan sa kaina? Ba na son ranar ta zo, shi ya sa nake roƙonki."

"Ranar za ta zo ko na yi shiru ko ban yi ba. Gara ta zo ina gidan ubana."

"Haba Bahijja."

"Ban taɓa jin kunyar abin da ke ƙirjina ba. Ba zan fara yau saboda kai ba."

Ta miƙe ta ɗauki kofin ruwan ta shige gida. Sai da ta kai soro na biyu ta jingina da bango ta toshe bakinta da mayafi, kada ya ji kukanta.

Ba a rufa mako ba Gwaggo 'Yardada ta yi sallama a gidan. Doguwar tsohuwa ce mai tsafta, ta taho tun daga Gwammaja, carbi a hannu. Umma, mahaifiyar Bahijja, ta shimfiɗa mata darduma a rumfa, aka gaisa, aka tambayi mutan gida. Bahijja ta zo ta durƙusa ta gaishe ta, ta koma gefe.

"Hajiya," in ji Gwaggo, "ba zan ɓoye miki abin da ya kawo ni ba. An ce mini yarinyar nan ta zube a makaranta kwanakin baya."

Umma ta yi saurin cewa, "Ai ɗan zazzaɓi ne, Hajiya, kin san damina..."

"Ba zazzaɓi ba ne, Umma."

Duka biyun suka juyo. Umma ta zare mata ido, Bahijja ta yi kamar ba ta gani ba.

"Ki gafarce ni, Gwaggo, ban isa in sa baki a maganar manya ba. Amma jikina ne, kuma gara ki ji daga bakina. Zuciyata ce. Wayar da aka sa mini tun da, a ɗakin ƙasa take, shi ya sa ɗakin sama ya fara karkarwa. Za a koma da ni Ikko a ƙara ta biyu a sama. Likita ta ce in aka kafa ta inda ya dace, ana sa ran abin zai ragu. Ba ta ce zai tafi gaba ɗaya ba."

Carbin Gwaggo ya tsaya cak.

"Karkarwa kika ce?"

"E, Gwaggo."

"In aka bar ta, ba ita ke kawo shanyewar jiki ba?"

Bahijja ta yi mamakin yadda ta sani. "Tana iya kawowa."

Tsohuwar ta ajiye carbin a cinyarta. Da ta buɗe baki, muryarta ta sauya.

"Haka marigayi mai gidana ya fara. Ya ce ƙirjinsa na kaɗawa, muka ce gajiya ce. Wata safiya ya tashi alwala ya faɗi, hannu da ƙafa suka mutu, baki ya karkace. Ni na yi jinyarsa har Allah ya ɗauke shi. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke ba shi kunu a cokali yana zubowa. Na san abin nan, yarinya, ba labari aka ba ni ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ban ƙi ki ba. Kina da hankali, kina da gaskiya, na gani yau. Amma Nazeer maraya ne a hannuna. Ba zan zuba ido ya shiga abin da na shiga ba. Hajiya, a yi haƙuri. Maganar nan a bar ta."

Umma ta fashe da kuka. Bahijja ta ji kamar ƙasa ta tsage, amma ta daure ta ce, "Allah ya jiƙan Baba, ya saka miki da alheri kan jinyar da kika yi. Na fahimce ki, Gwaggo. Abu ɗaya zan ce. Shi ba a san ciwonsa ba sai da ya kayar da shi. Ni an san nawa, kuma zan je a gyara. Ko da aure ko babu aure, zan je."

Ta raka ta har ƙofar gida, ta riƙe mata takalmi ta saka.

Daga ranar Nazeer ya ɗauke ƙafa. Ba saƙo, ba sallama.

Wanda bai ɗauke ƙafa ba shi ne Shehu. Shekarar ce soja suka koma bariki, fastocin 'yan takara ba su gama ɓallewa daga bangayen unguwa ba, Shehu kuwa ya ci kansila. Ya daɗe yana son Bahijja tana kaucewa. Yana jin an fasa, sai ga shi da sabuwar mota, ya ajiye ta a bakin titi don lungun Madabo ba ya ɗaukar mota, ya shigo da babbar riga tana jan ƙasa.

"Malama Bahijja, ni ba ruwana da abin da mutane ke faɗa," ya ce. "Na san ba kowa zai ɗauke ki a yadda kike ba. Ni zan ɗauka. Ko ƙasar waje kike so a yi aikin, magana ɗaya zan yi. Lada nake nema."

"Lada?"

"Ƙwarai. Taimakon mara lafiya ai ibada ne."

Bahijja ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Ranka ya daɗe, asibitoci cike suke da marasa lafiya, lada na can jibge. Ni mace ce da ake nema da aure, ba sadaka ba ce. Na gode da tattaki."

Umma ta yi faɗa kamar ta ari baki. "Wancan ya gudu, wannan ya zo da ƙafarsa kin kore shi! So kike ki tsufa a gabana? Wa kike gani zai sake zuwa? Ke ba ki san yadda mutane ke kallonmu ba!"

"Na sani, Umma. Tun ina sakandare suke kallona."

"To ki sauke girman kan nan!"

"In na sauke shi, me ya rage mini?"

Malam Ɗantani yana gefe yana gyaran wata jakar fata, bai ce uffan ba sai da suka yi shiru. Sannan ya ce, "A bar mini 'yata. Ni na kai ta karon farko, ni zan kai ta na biyu. Motar haya ba ta ƙare ba a Kano."

Haka kuwa aka yi. Shehu ya aiko direba, Malam Ɗantani ya mayar da shi da godiya. Uba da 'ya suka hau doguwar mota zuwa Ikko.

Ba a sa ta barci ba wajen aikin, allurar kashe zafi kawai aka yi mata. Tana kwance an rufe fuskarta da ƙyalle, tana jin likitan yana magana da mataimakansa, suna kallon wayar a allon hoto tana tafiya cikin jijiya. Ya kai ta bangon tsakiya, ta ƙi kamawa. Ya janye ya sake, ta zame.

"Malama," ya ce da ita, "wajen da likitarki ta nema yana ba mu wuya. In na sa ta a inda aka saba, yanzu mu gama. Can ma yana aiki, mutane da yawa na rayuwa da shi. Ko za ki iya ƙara haƙuri in sake gwadawa?"

Kafaɗarta ta yi tsami, bayanta ya ƙage, gumi na bin kunnenta. Ta tuna Gwaggo da cokalin kunu.

"Sake gwadawa, Dakta. Ba inda za ni."

Ta rufe ido tana ta salati a zuci. Can sai ta ji ɗakin ya yi tsit, sannan likitan ya sauke numfashi.

"Ta zauna. Ga su nan suna tafiya tare."

Bahijja ba ta san lokacin da hawaye suka gangaro mata cikin kunne ba. Da aka fito da ita, ta tarar da mahaifinta tsaye a baranda, hularsa a hannu. Ta ɗaga masa hannun dama. Dattijon ya juya baya yana goge fuska.

Sun dawo Kano hannunta na hagu a saƙale, an hana ta ɗaga shi sama har wayar ta kama sosai. Dakta Uwani ta duba ta, ta gyaɗa kai, ta ce a ci gaba da zuwa gwaji da shan magani, amma abin da ta gani ya yi mata daɗi. Mata suka yi ta shigowa sannu da zuwa, wasu don Allah, wasu don su gani da idonsu. Bahijja ta karɓi kowa a zaune, ta sha kwalli, ta ɗaura ɗankwalinta tsaf.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Ɗantani ya shigo ɗakinta ya tsaya a bakin ƙofa.

"Bahijja, yau zaurena ya cika. Shehu ya turo manyansa da goro, sun ce ba su karɓi amsar farko ba."

"Baba, ai na..."

"Tsaya, ban gama ba. A waje kuma ga Nazeer. Ba shi kaɗai ba ne, da baffansa ya zo. Baffan ya ce tun ranar da aka fasa maganar auren, yaron nan bai sake cin abincin gidan gwaggonsa ba. Ya durƙusa gaban gwaggonsa ya ce bai taɓa saɓa mata ba, kuma ba zai yi aure ba sai da yawunta, amma ta sani in ba ke ba, babu wata. Ya ce ko jinyar ce ta zo, shi ya ji ya gani."

Bahijja ta kama gefen gado. "Ita Gwaggon me ta ce?"

"Ba ta ce e ba. Ba ta kuma hana baffan tahowa ba. Ta ce a gaishe ki da jiki, a tambaya ko wayar ta zauna inda ake so."

Umma, da ke laɓe a bayan labule, ta saki salati.

"To," in ji Malam Ɗantani, "ga baƙi kashi biyu, ni kuma 'ya ɗaya gare ni. Me zan ce musu?"

Bahijja ta dafa wajen na'urar. Tana jin bugun a ƙirjinta, a natse, ɗaya bayan ɗaya. Daɗi ya cika ta har wuya, amma ba ta manta ba. Mutumin nan ya ce ta ɓoye kanta, sannan ya bar ta ta hau motar Ikko ba ko sallama.

Ta gyara zaman mayafinta da hannu ɗaya.

"Baba, mutanen Shehu a ba su ruwa su sha, a mayar musu da goronsu cikin mutunci. Baffan Nazeer a shigo da shi, a shimfiɗa masa babbar darduma. A ce ya gaya wa Gwaggo waya ta zauna, kuma ina gaishe ta."

"Shi Nazeer ɗin fa?"

"Ya tsaya inda yake. Akwai tambayoyin da zai amsa mini, kuma ban yi azahar ba tukuna."

Malam Ɗantani ya dube ta, gemunsa na motsi yana danne dariya.

"Rana fa ake yi a waje, Bahijja."

"Na sani, Baba," ta ce, ta miƙa hannu ta ɗauki buta.